In ɗauko Hajiya ta dawo wajena ko in bar ta a gida?

Abban Sadiƙ: Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Hajiyarmu shekararta 68, tana Gumel daga ita sai jika ɗaya, satin da ya wuce aka auna jininta 170/100. Tun bara aka ɗora ta kan amlodipine, maganin hawan jini, amma da ta ji kan ya lafa sai ta ajiye, wai ƙafa yake kumbura mata. Na ce ta dawo Kano wajena ta ce ita fa ba ta barin maƙotanta da islamiyyarta. In matsa mata ne ko in sai mata na'urar awo in ƙyale ta?

Ɗan Kurna: Zoɓo ba suga da tafarnuwa, safe da yamma, shikenan.

Yaya Nas: Haba malam, mutum na 170 kana maganar zoɓo? Amlodipine kan kumbura ƙafa, likita za a koma ya canza mata, ba ajiyewa ake ba. A rage mata gishiri da dunƙule, a kuma bincika ko tana shan diclofenac na ciwon gwiwa, yana tada jini.

Ɗan Kurna: Kakata ta haura 90 ba ta taɓa ganin nas ba.

Maman Ilham: Hmm. Haka Babanmu ya yi ta cewa lafiyarsa lau, ya bar magani wata uku, ranar nan ya dawo daga asuba ya faɗi a zaure ɓarin jikinsa ya shanye, shekara biyu ni ke juya shi ni ke wanki, mu tara ya haifa wallahi amma sai ka ce ni kaɗai ce, mazan sai dai a waya "ya jikin Baba".

Abban Sadiƙ: Allah sarki, Allah ya ba da lada Yaya. Na'urar fa nawa take?

Baffa: Omron na saya dubu 35.

Ɗan Kurna: An yanke ka, dubu 18 na gani a Sabon Gari.

Baffa: Jabu ka gani. Kuma wa zai karanta mata lambobin, jikan?

Sarkin Zolaya: Ni ma a auna ni, tun da na ji kuɗin buhun shinkafa ƙeyata ke sarawa.

Maman Ilham: Kuma kafin ka ɗauko ta ka tambayi matarka, za ta yarda da tukunya biyu? Namu matan yayyen ko kunu ba su taɓa aikowa ba, amma ranar rabon gado kowacce da mayafinta a tsakar gida tun hantsi.

Baffa: Ai wannan zancen gadon kar ma ki taɓo min shi.