Wai me za mu kira irin wannan gidan da Hausa?

Jama'a ku taimaka min, tun jiya nake fama da wata fassara kalma biyu sun tsaya min a wuya. Rubutu ne a kan wani tsohon gida a Ingila, Hardwick Hall, a yankin Derbyshire. Turawa suna ce wa irinsa "country house", kuma wai "listed" ne. Da farko na rubuta gidan ƙauye, da na sake karantawa sai da na yi dariya ni kaɗai, don duk Bahaushen da ya ji gidan ƙauye danga da rumbu da akurkin kaji zai hango.

Bari in ba ku hoton gidan tukuna. Wata mata ce ta gina shi, Bess ta Hardwick, daga 1590 zuwa 1597, ana cewa in ka cire Sarauniya Elizabet ta ɗaya babu macen da ta kai ta dukiya a Ingila lokacin. Wanda ya zana mata shi Robert Smythson. Abin da ya fi ɗaure min kai tagogin ne, kowane hawa ka ƙara sai taga ta ƙara girma, har mutane suka yi masa kirari wai gilashinsa ya fi bangonsa yawa, kuma fa a zamanin da gilashi kayan masu hannu da shuni ne. Hasumiya shida gare shi, a saman kowace an sassaƙa E da S da dutse, haruffan farko na cikakken sunanta Elizabeth Shrewsbury, wato kamar mutum ya rubuta sunansa a jikin zankwayen gidansa yadda mai tahowa daga nesa zai san mai wurin. Barori a ƙasa, ita da iyalinta a hawa na tsakiya, manyan baƙi kuma can ƙololuwa ake hawa da su. Mu baƙo a zaure yake tsayawa, su kuwa iya girmanka iya matakalar da za ka taka.

To wani ya ce in sa gidan gona. Malam na gode, amma gidan gona yanzu kaji da kifi da shanun madara yake kawowa a rai. Wata yayarmu ta ce gidan gandu, kuma gaskiya Yaya kin kusa, don irin gidan nan a tsakiyar makeken fili yake zaune manoma na biyan mai shi haya, gandu ne sosai. Matsalar kalmar tana da mai ita, gidan gandu a wurinmu shi ne babban gidan da uba da 'ya'ya da jikoki suke zaune tukunya ɗaya gona ɗaya.

Ni dai inda na karkata shi ne fadar karkara. Na san za a ce ai matar ba sarauniya ba ce, to ai hakimi ma yana da fada, dagaci ma haka, fada wurin da babba yake zama ne jama'arsa su zo gaisuwa da kai kuka. Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu, sarakunan Kano suna da gidaje a wajen ganuwa irin na Fanisau da Ɗorayi. In akwai mai wadda ta fi wannan ya kawo, wallahi ba zan yi gardama ba.

Sai ɗaya kalmar, wato "listed". An ba ni shawarar gini mai rajista, amma wannan ko shagon kwanar gidanmu yana da rajista. Abin da suke nufi shi ne gwamnati ta sa ginin cikin kundin gine-ginen tarihi, tsarin da suka fara a dokokin 1944 da 1947 bayan ɓarnar bama-baman yaƙin duniya na biyu, kuma da zarar an sa shi, ko kai ka gaje shi daga kakanka ba ka isa ka rushe bango ko ka canza fasalin taga ba sai da izini, in ka yi gaban kanka laifi ne kotu za ta ji. Hawa uku suka yi wa abin, na ɗaya, sai na biyu mai tauraro, sai na biyu zalla wanda shi ne kusan duka, sama da kashi 90 cikin 100. Hardwick yana na ɗaya. Nan ne wani bawan Allah ya raba gardama, ya ce ba muna cewa sarki mai daraja ta ɗaya ba? Shi ke nan, Allah ya saka maka Malam.

Don haka jimlar ta zama: Hardwick fadar karkara ce, ginin tarihi mai daraja ta ɗaya da doka ta kare.

Saura ɗaya kafin ku watse. A hawan sama akwai wani dogon ɗaki siriri, tsawonsa wajen mita 50, an jera hotuna a bango, nan suke kai da komo su miƙe ƙafa in sanyi ko ruwa ya hana fita. Baranda ba ta yi ba tunda a rufe yake ruf. Na sa dogon zaure na wucin gadi, amma zaure a saman bene bai kwanta min ba.