Gasar gudun kan dutse: me ke saura a ƙauye bayan baƙi sun watse?

Mai_Dogon_Zango:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina gudun dogon zango, bara kuma na shiga gasar kilomita 50 da ta ratsa wasu ƙauyukan kan dutse. Akwai abin da ya tsaya mini a rai har yau. A hawan da ya fi tsanani, inda kowa ya dafe gwiwa yana jan ƙafa, wani saurayi ɗan ƙauyen ya wuce ni da silifas, jarkar ruwa a kafaɗa zai kai wurin shan ruwan masu gudu na gaba, ko haki ba ya yi. Da na same shi daga baya na tambaye shi me ya hana shi shiga, sai ya ce kuɗin rajistar ya fi abin da yake samu a wata. Motocin da suka kawo mu daga birni suke, masu girki ma daga birni. Da yamma muka kama hanya, muka bar musu ledoji da robobi. Yanzu an sa ni a kwamitin shirya wata gasar. Don Allah, yaya za mu yi mutanen dutsen su ci moriyarta?

Uwar_'Yan_Tsere:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan saurayin shi ne amsarka. Ku yafe wa 'yan ƙauyukan kuɗin rajista, ku ware musu kyauta tasu daban, maza da mata daidai. In ba haka ba, ƙwararru za su zo da kociyoyinsu su kwashe komai.

Ina horar da 'yan mata, kuma kullum ina ba su labarin Mira Rai ta ƙasar Nepal. A yankin Bhojpur ta tashi, tana hawa da sauka da buhun shinkafa a baya tun tana ƙarama. A 2014 ta shiga gasar kilomita 50 a gefen Kathmandu ba tare da wani shiri ba, a 2015 kuma ta ci gasar kilomita 80 ta dutsen Mont Blanc a Faransa. Ƙarfin tana da shi tun tuni, ƙofa ce kawai ba a buɗe mata ba. Haka Sarah Etonge ta Kamaru, wadda ta ci gasar dutsen da ke Buea har sau bakwai, dutsen da ya haura mita 4,000. Tun 1973 ake wannan gasa, shi ya sa yaran wurin suke tasowa da sanin cewa gudu abin yi ne.

Dattijon_Fili:
Hajiya, na yarda da ke, amma tauraro ɗaya ba ya ciyar da ƙauye. Ni abin da nake dubawa shi ne inda kuɗin baƙi ke kwana. Garin Leadville na Amurka yana kan tsaunuka, sama da mita 3,000. Da aka dakatar da aiki a babbar mahaƙar ma'adinai ta Climax a 1982, mutane suka rasa abin yi. Wani tsohon ma'aikacin mahaƙar, Ken Chlouber, ya fito da gasar mil 100 a 1983, mutum 45 suka fara. Hikimar tana cikin tsawon: wanda zai yi gudun kilomita 160 a wannan tudu dole ya zo da wuri don jikinsa ya saba da ƙarancin iska, ya zo da masu taimaka masa, su kama ɗaki, su ci abinci a garin.

To ɗana, in gasarku ta safe zuwa yamma ce, kuma kowa ya zo da guzurinsa, ba abin da zai zauna. Ku sa wurin tashi da wurin ƙarewa a cikin ƙauyen, ku sa karɓar lambar da mai gudu ke maƙalawa a riga kwana ɗaya kafin gasar. Girki, masauki, dakon kaya da share hanya, duk ku ba mutanen wurin, da lada a rubuce tun kafin ranar. Kada a kira su masu aikin sa kai alhali ana biyan mai ɗaukar hoto. Sannan ku dawo baɗi. Ba wanda zai gina ɗakin baƙi saboda taron da bai san ko za a sake ba.

Makiyayi_77:
Ni a dutse na girma, ku bar ni in ƙara abu biyu. Na farko, ku tambaye mu abin da muke so kafin ku yanke. A gasar Urique ta ƙasar Meziko, 'yan ƙabilar Raramuri da suka kammala ana ba su takardar karɓar masara, domin abin da gida ke buƙata ke nan, ba lambar rataya a wuya ba. Kuma kada ku sa rana lokacin girbi, ko ku bi da ɗaruruwan mutane ta cikin shuka da bakin rijiya.

Na biyu ya fi nauyi. A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, sanyi da ƙanƙara da iska suka afka wa gasar kilomita 100, mutum 21 suka rasu cikin 172, har da gwanaye. Wani makiyayin tumaki ne ya ceci shida, ya shigar da su kogon da yake fakewa ya hura musu wuta. Mu muka san gajimaren da ke kawo matsala da inda ake fakewa. Ku ɗauke mu aikin tsaron hanya, ku koya mana taimakon gaggawa, kuma in muka ce a tsaya, a tsaya.

Mai_Dogon_Zango:
Allah ya saka da alheri. Baba, maganar kwana ɗaya kafin gasa zan kai wa kwamiti ranar Asabar, tare da batun rajista kyauta. Ɗan'uwa Makiyayi, ranar da muka sa ta faɗa tsakiyar girbi, sai yanzu na lura. Zan nemi a ɗaga ta, kuma zan koma ƙauyen in nemo saurayin nan mu zaga hanyar tare kafin a zana ta.