Yaya ake shirya karanshaf da kan silinda idan za a aika su gyara nesa?

Mai Gareji

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Na kwance wani injin dizal mai silinda shida, kuma awo ya nuna cewa kan silindar ya ɗan karkace, karanshaf ɗin ma (sandar ƙarfen da fistin-fistin suke juyawa) yana bukatar a rage kaurinsa da milimita 0.25 domin ya karɓi sabon metal, wato faifan ƙarfen da yake juyawa a kansa. Masu sassaƙar ƙarfen da na yarda da aikinsu suna da nisa ƙwarai, saboda haka sai dai in ba kamfanin jigila kayan ya kai, ya kuma dawo da su. Shin kwali mai kauri zai wadatar, ko kuwa lallai sai na haɗa akwatin katako? Zan iya zuba su a akwati ɗaya? Sannan idan na ga ya kamata in haɗa da bulok ɗin, wato gangar jikin injin, in cire murafen metal ne ko in bar su a jikinsa?

Mai Sassaƙar Ƙarfe

Wa'alaikumus salam, Malam. Yawancin kayan da suke iso mana a lalace ba raunin akwati ne ya jawo musu hakan ba, motsin da suke yi a cikin akwatin ne. Ƙarfe mai nauyin kilo talatin ko hamsin, idan ya sami wurin gusawa ko da na faɗin yatsa biyu ne, duk lokacin da mota ta taka birki ko aka dire akwatin zai doki bango, kuma tun yana lotsa shi har ya huda shi ya fito. Don haka abin da za ka sa a gaba shi ne kayan da akwatin su zama abu guda, ta yadda idan ka jijjiga ba za ka ji komai ya motsa ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita ga kan silinda ita ce a yanko filawud mai kaurin milimita 18, a shimfiɗa kwali mai tsabta ko roba a kai, a kifa fuskar da gasket yake zama a kanta, sannan a ɗaure shi da dogayen notuna ta cikin ramukan da ake ɗaure shi a jikin bulok, a sa manyan wasa (zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti) ta ƙasa don kada kan notin ya nutse cikin katakon. Guda huɗu sun isa, kuma ba a matse su da ƙarfi irin na haɗa inji. A kan wannan gindin ake gina sauran akwatin. Wannan fuska ita ce mafi daraja a jikinsa, domin karkacewar da ake kawo mana mu gyara sau da yawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, alhali rami ɗaya da ƙusa za ta yi a gefen ɗakin wuta yana iya zarce abin da za a iya sharewa. Idan na alminiyam ne abin ya fi sauƙin faruwa, tun da ƙarfe ne mai taushi. Na ƙarfen zubi kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi idan ya faɗi ta kusurwa. Ka cire duk wani abu da ya yi tsini a jikinsa, kamar turakun notin salansa, da nozul, da na'urorin auna zafi, domin su ne suke fara karyewa, su ne kuma suke huda akwati.

Kada ka haɗa kan silindar da karanshaf a wuri ɗaya sai da bangon katako a tsakaninsu, kuma raba su ya fi.

Game da murafen metal, ka bar su a jikin bulok, kowanne a gurbinsa kuma yana fuskantar inda yake fuskanta tun asali, a ɗaure da notunansa. An huda ramin da karanshaf yake kwanciya ne alhali murafen suna ɗaure a jikin wannan bulok ɗin, saboda haka murfin wani injin ba zai zauna daidai ba, kuma idan ɗaya ya ɓace a hanya sai an sake daidaita ramin gaba ɗaya. Haka ma murafen kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Idan babu lamba a jikinsu, ka buga musu kafin ka kwance.

Ma'aikacin Jigila

Maigida ya yi bayani mai gamsarwa, zan ƙara ne ta ɓangarenmu kawai. Manyan kamfanoni irin su UPS da FedEx suna karɓar ƙunshi ɗaya a matsayin saƙo na yau da kullum har zuwa fam 150, wato kimanin kilo 68 zuwa 70, abin da ya haura haka kuma sai ya bi layin manyan kaya a kan falet, wato dandamalin katakon da ake ɗora kaya. Ƙananan saƙonni suna bin bel mai gudu, suna gangarowa, wasu suna faɗowa a kan wasu, kuma rubuta "a yi hankali" a jikin akwati ba ya canza wannan. Kayan da ke kan falet kuwa foklif, wato motar ɗaga kaya, shi ne yake ɗaga su, shi ya sa nake ganin bulok ɗin injin dizal bai kamata ya bi wata hanya ba sai wannan, a ɗaure da ɗamarar ƙarfe ko bel mai ƙarfi, ba tare da wani sashe nasa ya leƙo wajen falet ɗin ba.

Kwali mai ninki biyu yana iya ɗaukar ƙaramin kan silinda na alminiyam, da sharaɗin a bar aƙalla santimita 5 na abin tokare mai tauri ta kowane gefe. Ledar kumfa da tarkacen soso ba su da amfani a nan, nauyin zai murƙushe su tun a farkon tafiya. Ga kayan da Malam ya ambata, katako ne kawai.

A tsiyaye bakin mai da ruwa sarai, a toshe ramuka, a sa cikin leda mai kauri. Akwatin da ya fara ɗigar mai ana iya tsayar da shi, warin fetur ko dizal kuma yana iya sa a ƙi karɓarsa, musamman a jirgin sama. Idan kayan za su tsallaka iyakar ƙasa, katakon falanki yana ƙarƙashin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta hana yaɗuwar ƙwarin katako mai suna ISPM 15, wadda ɗaya daga cikin hanyoyin da ta amince da su ita ce a gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na ma'aunin Celsius na tsawon minti 30 a buga masa hatimi, amma filawud ba ya cikin wannan sharaɗi. Batun diyya kuma, mutane da yawa ba su san cewa idan ba a bayyana darajar kaya an biya inshora ba, abin da kamfani zai biya yana da iyaka, kuma sau da yawa bai kai kuɗin sabon karanshaf ba. Ka ɗauki hoton kowane mataki na ɗaurin, domin abin da mai binciken diyya yake fara tambaya shi ne yadda aka shirya kayan.

Tsohon Bakanike

'Ya'yana, mu dai an koya mana cewa karanshaf a tsaye ake ajiye shi, domin idan ya daɗe a kwance yana iya lanƙwasa. Ban ga wanda ya taɓo wannan ba. Shi kuma bulok, tsohuwar taya ake sawa a ƙarƙashinsa a kan falet, ta shanye girgiza.

Mai Sassaƙar Ƙarfe

Baba, Allah ya ƙara girma. A cikin shago tsayar da shi yana da kyau, amma a hanya babu wanda zai tabbatar maka cewa akwati mai tsawon mita guda zai ci gaba da tsayuwa, kuma faɗuwarsa ta fi kwanciyarsa haɗari nesa ba kusa ba. Karanshaf ɗin injin dizal ƙarfe ne mai ƙarfi, kwanciyar 'yan kwanaki ba za ta yi masa komai ba muddin an tallafe shi a wurare da dama. A yanka katakai uku ko huɗu masu baki kamar harafin V, a shimfiɗa musu roba, a ɗora shi ta wuraren da manyan metal suke zama, a danne ta sama da wasu katakan, sannan a tokare kai da gindi don kada ya zame ta tsawo. Kowane wurin zaman metal a shafa masa giris a naɗe shi da leda da kwali. Kada a naɗe da tsumma ko jarida kai tsaye, domin suna riƙe danshi su bar tsatsa. Tayar da ka ambata tana aiki ga cikakken inji mai kaskon mai a ƙasa, amma bulok tsirara gara ya zauna a kan katako a ɗaure shi da noti, saboda taya tana lotsawa ta sa ɗamarar ta saki.

Malam Mai Gareji, ka haɗa akwatin da sukuru, kada ka buga ƙusa, domin a cikinsa za mu mayar maka da kayan, kuma dawowar ta fi tafiyar bukatar kulawa tun da a lokacin fuskokin sun zama sababbi, ƙarfen kuma an wanke shi tas yana iya yin tsatsa cikin dare ɗaya idan ya sami danshi. Ka sa takarda a cikin leda a cikin akwatin mai ɗauke da sunanka, da lambar wayarka, da aikin da kake so a yi, da jerin duk abin da ka aiko, har da ƙananan notuna, waɗanda za ka ƙulle a jaka ka ɗaure ta a jikin bangon akwatin.