Ina son a daskarar min da ƙwan haihuwa, amma aiki ya sha min kai

'Yan uwa mata, don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi.

Na haura shekara 30, na yanke shawarar a ciri ƙwan haihuwata a daskarar, a ajiye min. Likita ta ce za a fara a rana ta 2 ko ta 3 ta al'ada, in riƙa yi wa kaina allura kullum na kwana 10 zuwa 12. Allurar ba ta dame ni ba, ko a banɗakin ofis zan iya yi. Inda gizo ke saƙar shi ne zuwa asibiti duk bayan kwana biyu ko uku da sassafe, a ɗebi jini a yi sikanin, ni kuwa da taro nake buɗe kowace safiya.

Babbar matsalar ita ce ranar cirewa. Ba a iya tsayar da ita tun farko. Sai ƙwan sun kai girma a yi allurar ƙarshe, a cire bayan kamar awa 36. Za a sa ni barci, ba tuƙi, sai wani ya mai da ni gida. To yaya zan nemi hutun ranar da ban sani ba, alhali ba na son shugabana ya san dalili?

Kuma aikina akwai tafiye-tafiye, ga wasu alluran sai a firij. Kun ɗauki hutun duka kwanakin ne, ko na ƙarshe kawai? Kumburin cikin ya bar ku kun koma aiki washegari?