Ƙirƙirarriyar Basira da Takardun Kotu: Abin da Zaman Maraɗi ya Shawarta

Mun zauna a Maraɗi, mu da wasu masana shari'a da matasa masu harkar kwamfuta, kuma harshe ne ya fi cin lokacinmu. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma takardun kotu na nan da Faransanci. Tsohuwa ta taso daga Madarunfa neman hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwar jikanta, ta zauna gindin bedi riƙe da takardar da ba ta iya karantawa, tana jiran mai cika mata.

Shawarar mafi yawa ita ce na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wato mai kwaikwayon tunanin ɗan Adam, ta yi mata tambayoyi da murya, da Hausa, ta cika takardar, ta kuma sanar da ita tun tana gida cewa sai da shaidu. Wannan ni ma ya kwanta mini.

Sai dai masanan sun ja kunne: na'urar kan ƙago dokar da babu ita, saboda haka dole magatakarda ya duba kafin a buga hatimi. Hukunci na alƙali ne. Sirrin saki da gado kada a zuba shi cikin manhajar ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT. Wani dattijo ya ƙara da cewa kada a daina rajistar takarda, don wuta na ɗaukewa.