Windows 11 25H2 ta fito: in ɗora yanzu ko in bari a gama furojet?

Maman Ummi, Samaru:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen masu ilimin abin.

Ina da shagon buga takardu a Samaru: taifin, fotokwafi, sikanin, da zanen katin biki. Kwamfuta biyu ce a shagon. Akwai laftof ɗina, 'yar Beljiyam ce, Core i5 ƙarni na 8, RAM giga 8. Ita ke ɗauke da CorelDraw da duk nau'ikan rubutun da nake zane da su, ita ce kuma a haɗe da firinta mai sikana. Tana kan Windows 11 23H2, wato fitowar 2023. Sai tsohuwar ta kan tebur, Core i3 ƙarni na 4, mai Windows 10, wadda yarinyar da ke taya ni aiki take taifin a kai.

A 2024 da 24H2 ta fito ban ɗora ba, don na ji ana ta kuka da ita. Da wayata nake ba laftof ɗin intanet, na kuma saita ta kada ta riƙa sauke manyan abubuwa da kanta, shi ya sa har yau tana nan inda take. To ga 25H2 ta fito ranar 30 ga Satumba 2025, ƙanina ya zo da ita a filash, wai in ba shi laftof ɗin dare ɗaya ya ɗora min.

Damuwata ita ce ɗalibai sun fara kawo furojet, kowa da ranar da malaminsa ya yanka masa. Sikanar nan in ta tsaya, rabin cinikina ya tsaya. Akwai kuma aikin mutane a ciki wanda ba su da kwafinsa a ko'ina sai wajena. In ɗora ne, ko in jira? In jira ne, zuwa yaushe? Ita kuma tsohuwar, an ce Windows 10 za ta mutu a wannan watan na Oktoban 2025, yaya zan yi da ita?

Mai Gyara, Titin Beirut:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ba da ita a daren nan.

Sabuwar Windows a makonninta na farko tana da tarihi. A Oktoban 2018 an saki Windows 10 1809, ta goge wa wasu mutane abin da ke cikin Documents ɗinsu, dole Microsoft ta janye ta cikin 'yan kwanaki, ba ta dawo da ita ba sai 13 ga Nuwamba. A Oktoban 2021 da Windows 11 kanta ta fito, masu furosesa AMD Ryzen suka ga kwamfutocinsu sun rage gudu har sai da aka fitar da gyara. Wanda ya fi shafarki kuma shi ne na 24H2: wasu firintoci masu sikana da ake jonawa ta USB, kwamfuta ta daina ganin ɓangaren sikanar. Microsoft ta amsa matsalar da bakinta, ta dakatar da tura sabuntawar ga irin waɗannan kwamfutoci, sai a Disamban 2024 gyaran ya fito. Wanda ya yi haƙurin wata biyu bai ma san an yi ba.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai a maganarki shi ne aikin mutane da ba shi da kwafi. Wannan ko babu wata sabuntawa haɗari ne, domin faifan cikin laftof yana iya mutuwa ranar da ba ki zata ba. Ki sayi faifan ajiya na waje, ki kwashe Documents, Desktop, fayilolin Corel, da nau'ikan rubutun nan naki. Mutane suna mantawa da su, sai an buɗe tsohon katin biki a ga sunan amarya ya koma wani rubutu daban, layuka sun hau kan juna. Bayan kin kwashe, ki jona faifan a ɗaya kwamfutar ki buɗe wasu fayilolin da idonki. Kwafin da ba a gwada ba, ban ɗauke shi kwafi ba.

Sannan ki tambayi ƙanin naki: ɗorawa zai yi a kan wadda take ciki, ko fomat zai yi? Yara da yawa in suka ce za su ɗora Windows, share komai suke nufi.

Injiniya, Kaduna:

Malam Mai Gyara ya faɗi gaskiya a kan kwafi, amma ban bi shi gaba ɗaya a kan jira ba, domin wannan karon lissafin ya bambanta.

Anti, 25H2 suna ne sabo, amma gindinta ɗaya da 24H2. Wanda yake kan 24H2, ɗan ƙaramin fayil kawai zai sauke, kwamfuta ta mutu ta taso sau ɗaya, shi ke nan ya koma 25H2. Ma'ana abin da za ki hau ya riga ya yi shekara a hannun mutane, an kuma toshe yawancin ramukan da suka ba da wahala bara, har da na sikanar da aka ambata. Ba irin fitowar 2021 ba ce.

Ke dai taki ba ƙaramar ba ce, tun da daga 23H2 za ki taso. Za a sauya miki gindin Windows ɗin gaba ɗaya, kaya ne masu nauyin giga da yawa, kuma zai ɗauki lokaci. Ki tabbata batir ɗin yana riƙe caji ko jen yana da mai, kada a ɗauke wuta ana tsakiya.

Ga dalilin da ya sa nake cewa jiranki yana da iyaka: 23H2 ta Home da Pro, ranar 11 ga Nuwamba 2025 za a daina ba ta gyaran tsaro. Kowace fitowa wata 24 ake ba ta. Ke kuma shagonki filash ɗin ɗalibai ke shiga yana fita tun safe har dare, ba kwamfutar da za a bari babu gyaran tsaro ba ce. Kina da kusan wata guda. Ki zaɓi ranar da ba ciniki a cikinsa.

Shawarata kuma, ki ajiye filash ɗin ƙanin naki, ki bi ta Windows Update. Idan Microsoft ta san akwai wani direba (manhajar da ke haɗa Windows da na'ura irin firinta) a kwamfutarki da ke rigima da sabuwar, takan riƙe sabuntawar ba za ta nuna miki ba sai an gyara. Wannan riƙewar kariya ce gare ki, kuma su da kansu suna cewa kada a tsallake ta da hannu. Kafin ranar, ki shiga shafin kamfanin firintarki ki sauke direba na ƙarshe ki ajiye.

Ƙaramin abu: tun 24H2 an cire WordPad, ƙaramar manhajar taifin da ke zuwa da Windows. In kuna buɗe wasu takardu da ita, ki sani ba za ki same ta ba.

Maman Ummi, Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na kira ƙanina, ashe fomat yake nufi. Tambaya ɗaya: in na ɗora sikanar ta ƙi, akwai hanyar komawa?

Mai Gyara, Titin Beirut:

Akwai Hajiya, amma kwana 10 ne kawai, kuma sai in ɗorawa aka yi ba fomat ba. Settings, System, Recovery, sai Go back. Za ki ga wata jaka mai suna Windows.old a faifan C ta cinye wuri mai yawa. Kada ki goge ta, kada ki bar kowa ya yi miki shara a kwanakin nan, a cikinta tsohuwar Windows ɗinki take. Ranar farko ki gwada komai: sikanin, bugu mai kala, bugu gaba da baya, ki buɗe tsohon aikin Corel.

Ki kuma duba ko BitLocker, makullin da Windows ke rufe bayanan faifai da shi, a kunne yake. In a kunne yake, akwai mabuɗi mai lamba 48, yawanci yana cikin asusunki na Microsoft. Ki rubuta shi a takarda ki kai gida. In kwamfuta ta nemi lambar nan ba ki da ita, babu mai gyaran da zai iya fito miki da abin da ke ciki, ko ni ko wani.

Ɗan Gusau:

Ba wanda ya taɓa maganar tsohuwar kwamfutar, bari in ce wani abu. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ba za ta mutu ba Yaya, za ta kunna ta yi taifin kamar kullum. Gyaran tsaro ne zai tsaya. Office 2016 da 2019 ma a ranar nasu yake ƙarewa, ki duba wanne ne a kai.

Windows 11 ba ta karɓar ƙarni na 4 a hukumance, daga na 8 take farawa kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta. Ana tsallake sharaɗin da Rufus, manhajar haɗa filash ɗin Windows, amma Microsoft ta ce ba ta yi alkawarin sabuntawa ga irin wannan kwamfutar ba, ni ba zan sa ta a wurin neman abinci ba. Akwai tsarin ESU da ke ƙara shekara guda ta gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, in tana kan 22H2, fitowar Windows 10 ta ƙarshe. Na ɗaiɗaikun mutane a 2025 dala 30 ne, ko kyauta in kin shiga da asusun Microsoft kin kunna Windows Backup. Na kamfanoni daban ne, ya fi tsada, ki karanta sharaɗin ki ga inda kika faɗa.

Ni Linux Mint, madadin Windows, nake so ga tsofaffin kwamfutoci, tana gudu sosai a kansu. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, furojet ɗin da aka tsara a Word in aka buɗe shi a LibreOffice, madadin Office da ke kan Linux, lambar shafi da tebur sukan goce, kuma malamai ba sa wasa da wannan. Ga aikinku ki bar ta a Windows 10 da ESU, ki fara tara kuɗin wata a hankali.

Maman Ummi, Samaru:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na aika a sayo min faifan ajiya, yau da dare zan fara kwashe kaya. Na duba tsohuwar, 22H2 ce, gobe zan yi mata rajistar ESU ɗin. Laftof kuma zan bar ta sai Lahadin ƙarshen Oktoba, lokacin yawancin masu furojet sun karɓi aikinsu, in bi ta Windows Update da intanet ɗin maƙwabcina mai kafe, mun riga mun yi magana. Injiniya, in ranar ta zo ba ta nuna min 25H2 ba sai 24H2, in karɓa ko in ƙara jira?

Injiniya, Kaduna:

Ki karɓa Anti. 24H2 tana da gyaran tsaro har Oktoban 2026, kuma daga ita zuwa 25H2 ɗan ƙaramin fayil ɗin nan ne kawai, ko a hotspot ɗin wayarki zai sauka.