Baba yana son ya taka Schengen ɗin da aka rubuta a bizarsa

Autan Hajiya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a Trier, yammacin Jamus, kuma mahaifina zai zo ganina na sati biyu a watan gobe. Tun ranar da aka manna masa biza yake tambayata, wai shin Schengen ɗin nan ƙasa ce ko ofishi ne? Da na ce masa wani ɗan ƙauye ne a Luxembourg, ba shi ma da nisa da inda nake, sai ya ce to lallai sai ya taka shi da ƙafarsa, tunda ya sha wuya a kan sunan. Ni kuwa kunya ta kama ni, shekara biyu ina nan ban taɓa leƙawa ba.

Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba ni haske. Akwai abin kallon da zai cinye yini? Ba ni da mota, Baba kuma yana fama da ciwon gwiwa. Sannan bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, ina tsoron kada mu tsallaka wata ƙasa a hana shi dawowa.

Baban Ilham:

Wa alaikumus salam. Na je sau biyu. Ka fara rage wa Baba buri tun a gida, don ƙauye ne na gaske: 'yan layuka, coci ɗaya, wani tsohon gidan sarauta, sai gonakin inabi da suka hau kan tudu. Zuwana na farko na yi ta waige ina neman inda garin yake, ashe ina tsakiyarsa.

Tunda ba mota, ku hau jirgin ƙasa daga Trier zuwa Perl, kusan awa ɗaya yana bin gefen kogin Moselle. Ka zaunar da Baba ta tagar da ke kallon ruwa, mafi yawan abin da zai gani a wancan ƙetaren Luxembourg ne. Daga tashar Perl da ƙafa za ku hau gada, kuna sauka kun shiga Schengen. Gadar nan ita ce abin da na fi so a duk tafiyar. Ka tsaya a tsakiyarta: Jamus a bayanka, Luxembourg a gabanka, in ka juya kudu ga Faransa can kusa da madatsar jiragen ruwa. Kogin da ke ƙarƙashinka kuma ba a raba shi biyu ba, Jamus da Luxembourg ne suke mulkinsa tare tun bayan yaƙe-yaƙen Napoleon.

Abin da zai ba Baba dariya shi ne ba a cikin ƙauyen aka sa hannu kan yarjejeniyar Schengen, ta cire shingayen iyaka tsakanin ƙasashen, ba, a kan ruwa ne. Ranar 14 ga Yuni 1985 wakilan ƙasashe biyar, wato Faransa, Jamus ta Yamma, Beljiyam, Holan da Luxembourg, suka shiga wani jirgin ruwan yawon shaƙatawa mai suna Princesse Marie-Astrid, aka tsayar da shi kusa da inda iyakoki ukun suka haɗu, suka rattaba hannu. Ba shugabannin ƙasa ba ne ma, ƙananan ministoci aka turo. Cire shingayen kuwa sai a Maris 1995. Yanzu ƙasashe 29 ne a ciki.

A bakin kogin akwai gidan tarihin da ke ba da wannan labarin, awa ɗaya ta ishe ku. A waje an kafa ɓangarori biyu na katangar Berlin da tutocin ƙasashen, nan kowa ke ɗaukar hoto. Wurin shimfiɗe yake, ga kujeru a gefen ruwa, gwiwa ba za ta wahala ba. Abin da ban ba ku shawara ba shi ne hawan tudun Stromberg da ke bayan ƙauyen. Daga samansa ana hango ƙasashe uku a kallo ɗaya, amma ni da nake ganin ina da sauran ƙarfi sai da na zauna sau biyu a hanya. Ka bar shi sai ranar da ka zo kai kaɗai.

Maman Sadik:

Ɗana, maganar biza kada ta dame ka. Shiga sau ɗaya tana nufin shiga yankin ƙasashen Schengen gaba ɗaya ne. Jamus, Luxembourg da Faransa duk gida ɗaya ne a wannan lissafin, sai in ya fita yankin ne bizar ta mutu. Amma ku riƙe fasfo a jikinku, kai ma har da katin zamanka. Tun Satumba 2024 Jamus ta dawo da bincike a iyakokinta na ƙasa, har da ta Luxembourg. Mu an taɓa tsayar da motarmu a babbar hanya muna dawowa, mijina ya bar fasfonsa a wata rigar, muka ɓata fiye da rabin awa ana buge-bugen waya. Sai da na yi ta mamaki, a ce a bakin Schengen ɗin kansa ake tambayar takarda.

Malam Ɗanjuma:

Ni fa ban ga abin da zai riƙe dattijo yini guda a Schengen ba. Zuwa azahar kun gama. A hanyar dawowa ku sauka a Nennig, kan layin jirgin yake. Akwai daɓen wani gidan Rumawa da aka yi da ƙananan duwatsu masu launi, faɗinsa ya kai murabba'in mita 160, wani manomi ne ya ci karo da shi a 1852. An zana masu faɗa da sanda da bulala da mayaƙa da namun daji, har da mai kaɗa wani abin kiɗa. An gina masa rumfa, daga bene kake leƙa shi. Na fi minti arba'in ina zagaya shi. Daga tasha akwai ɗan taku, ku tafi a hankali, kuma ka duba ranakun buɗewa kafin ku tashi, don gidajen tarihi da yawa a nan ba sa buɗewa ran Litinin.

In Baba ya nace sai ya taka Faransa, Apach ce ta fi kusa, suna da wata 'yar ƙaramar hasumiyar Eiffel a bakin hanya. Gaba kaɗan akwai Sierck-les-Bains da ganuwar sarakunan Lorraine a kan dutse, sai dai matakala ce zalla.

Autan Hajiya:

Allah ya saka da alheri, Baban Ilham, Mama, Malam. Na karanta wa Baba a waya. Ganuwa dai ya ce a kai kasuwa. Gada da Nennig ya yarda, kuma ya ce sai an ɗauke shi hoto a gaban allon sunan ƙauyen yana riƙe da fasfo a buɗe. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne maganar jirgin ruwan, sau uku yana sa ni in maimaita. Za mu je ran Talata in Allah ya yarda.